Ƙwaryar Furarka a Kan Gwangwala

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Yo ko da kana nan ma, yaushe na taɓa aika maka da takarda? Duk shekarun da ka yi kana yawon aikin reluwe, Kano, Zariya, Funtuwa, ai saƙon baki nake ba masu tafiya. Amma maganar nan ta cika min ciki, kuma ba wanda zai gane ta in ba kai ba. Shi ya sa da 'yarka Binta ta zo duba ni yau daga Rogo na ce ta ɗauko biro ta zauna. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa. Na ce mata kada ta gyara min magana, yadda ta fito haka za ta zauna.

Labarin gida tukuna. Ruwa ya zauna sosai. Ƙaninka Sale ya shuka gonar Yammedi, dawa da gyaɗa, an ce tsiron ya yi kyau. Jar akuyar nan mai satar tsaki ta haifi biyu. Ɗakin baƙi yana yoyo ta kusurwar da ka ce za ka gyara bayan salla. Ni kuma ina cikin takabarka, ban taka ƙofar zaure ba tun ranar da aka fita da kai. Ƙafar tana nan da ciwonta, bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Babban labarin kuwa, jirginka ya tashi. Kuma ni na tashe shi. Ka ji ko? Ni.

Ka tuna ranar da babban yaronka ya zo daga Legas da kwali, ya ce a kasuwar gwanjo ya gani ya tuna da kai? Kan jirgi bai fi tsawon hannuna ba, da taragu, da guntayen layin dogo. Ni na ɗauka jikoki aka kawo wa. Sai ga dattijo da furfura durƙushe a lambun bayan gida, yana zuba tsakuwa, yana awo da zare, gumi har haɓa. Garin nan babu wanda bai yi dariya ba. Ana ta cewa an kasa kawo jirgi Karaye tun zamanin Turawa, yau Malam ya kawo shi a kwali. Ni ma na yi dariyar, a gabanka ma na yi. Ranar da ka ɗauko diga ka fasa min katanga ta gindi, kusa da rariya, ka shigo da layin har ƙofar madafi, na ce saura ka shigar da shi ƙarƙashin gado. Ka ce wai don a huta zagayawa da kwano ne, tunda ƙofar lambun ta waje take, sai an bi ta zaure.

Ka ɗauka na yarda? Na san don wa ka fasa katangar nan. Don Ilu ne.

Ilu abokin aikinka, mai ɗaga wa jirgi tuta a mararraba, wanda ya biyo ka Karaye bayan kun ajiye aiki don a Gwangwan babu wanda ya rage masa. Matarsa ta rasu, Allah bai ba shi haihuwa ba. Mutum ne da in ka miƙa masa abu a hannu zai ce ya ƙoshi, ko da cikinsa na kuka kana ji. Sai ka naɗa shi mai tutar jirgin lambu. Kullum bayan azahar ya zo ya share ganyen mangwaro daga kan layi, ya tsaya da tutocinsa, ja da kore, ya miƙe ƙirji kamar jirgin Legas ne zai wuce. Jirgi ya fito ta kafar katanga ɗauke da tuwo da miya, Ilu ya ɗaga ja, ka tsayar. Ku zauna ku ci, wai abincin ma'aikata.

Ba ka taɓa ce min don shi ne ba, ni ma ban taɓa ce maka na sani ba. Amma ba ka lura tuwon ya koma mai laushi tun da haƙoransa suka zube ba? Kai da kake son tuwo mai tauri, wanda in an jefi kare da shi sai ya yi ƙara, ka yi shiru kana ci. Na san ka lura. In kuma jirgi ya dawo da kwanuka, a lungun taragon baya sai in tarar da ɓarin goro. Kai da ba ka iya miƙa min abu a gaban yara ba. Binta, rubuta, daina kallona.

To bayan tafiyarka lambu ya yi tsit. Ilu ya zauna a zaure har aka share makoki, daga nan ba a ƙara ganinsa ba. Lokacin Binta tana zaune da ni, sai na ba ta kwano ta kai masa gida. Ya amsa gaisuwa, ya yi maka addu'a mai tsawo, ya ce ya riga ya ci, a mayar. Ta sake kaiwa, haka. Maƙwabciyarsa ta shigo min gaisuwa, ta ce ba ta ganin hayaƙi a gidan, riga ta fara yi masa yawa, kuma maigidanta ya ce a masallaci a zaune yake salla.

Malam, ka ga abin da ya hana ni sukuni. Ka ciyar da mutum shekara da shekaru bai taɓa sunkuyar da kai ba, sai a hannuna yunwa ta kashe shi, ga hatsi a rumbu? Da wane ido zan dube ka?

Na san ba zai ci ba sai jirgi ne ya kawo, kuma sai ya yi aikin da zai ce ladansa ne. To wa zai tuƙa? Ni ba na fita. Binta in ta shiga lambu, Ilu ba zai zauna da matar wani ba, ga shi mijinta ya fara aiko da tambayar yaushe za ta koma. Sale ya ce shi ba ruwansa da wasan yara. Saura ni, daga cikin gida.

Na sa hannu a aljihun rigarka da ke rataye na ciro rimot ɗin. Ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Gefensa har ya yi santsi inda babban yatsanka ke zama. Binta ta nuna min, wannan gaba, wannan baya, wannan tsayawa, wannan usur. Ta sa masa sabon batir, ta zagaya lambu ta duba batirin solar da ke ba jirgin wuta, da wutarsa. Jirgi kuwa yana ƙofar madafi, inda ka dawo min da shi ranar ƙarshe. Na yi bisimilla na danna. Ko motsi.

Binta ta kira yayanta a waya, ya yi mana bayani. Ashe rimot ba da jirgi yake magana ba. Da ɗan baƙin akwatin nan mai tsinken eriya yake magana, wanda ka rataye a jikin mangwaro kusa da kujerarka, shi kuma akwatin ya tura wa layi wuta ta waya. Kai kana zaune a gabansa, shi ya sa yake jin ka. Ni kuwa ga katanga tsakaninmu, ga tankin ruwa na ƙarfe. Ya ce akwatin yana son sama, yana son fili, kuma ba ya shiri da ƙarfe ko kaɗan. Na ce wannan ai na gane. Rediyonka ma haka yake, in ka matso kusa da tankin nan sai ya yi ta shuu, ka ɗaga shi sama kana juyawa kamar mai shiƙa.

Na sa Binta ta hau turmi, ta ɗaga rimot ya wuce katanga, ta danna. Jirgi ya zabura. Ta sauko, ya mutu. To ni da wannan ƙafar zan riƙa hawa turmi kullum? Na ce tunda ba zan iya hawa in gan shi ba, shi ne zai hau ya gan ni.

Allah Ya saka maka da halinka na ƙin yanke abu. Ka bar waya mai yawa naɗe a ƙusa, Binta ta warware ta, ta jefo ta saman katanga, ta isa har da saura. Muka ɗauko gwangwalar da ake kaɗo mangwaro, ta ɗaure akwatin a kanta. Da farko kusa da tanki muka jingina, don nan ne da wurin ɗaurewa. In na tsaya tsakar gida yana ji, in na zauna ƙofar madafi tankin ya tare. Muka matsa wajen rumfar kwano. Nan kuma yana ji yana ƙi, jirgi ya yi gaba ya toge, ya yi gaba ya toge, kamar jakin da aka cika wa kaya. Ina zaune a kujerata 'yar tsugunno da rimot, Binta na yawo da gwangwala a tsakar gida, ina cewa matsa, dawo, ɗaga, kaji na bin ta sun ɗauka tsaba za ta zuba. Da wani ya leƙo da ya ce rashin ya taɓa mana kai.

Can na ce ta tsaya, wannan yawon ba zai fisshe mu ba. Ni ce ba na motsi, to daga kaina za a fara. Duk inda idona, ina zaune a kujerar nan, yake ganin tsinken sarai, babu kwano babu tanki kusa da shi, nan ne wurinsa. Muka duba, kusurwar gabas ce, tsakanin rumbu da kafar da jirgi ke fita. Nan ta haƙa rami ta kafa gwangwalar, muka danne gindin da duwatsu, akwatin ya zarce katanga da kamar kamu ɗaya. Na danna. Jirgi ya fita ya dawo, ya fita ya dawo, ba gardama. Na ce yawwa, ashe dai kai ma wurin zama kake nema.

Da la'asar sai hadari ya haɗu. A jikin mangwaro ganye ne da ɗan allon da ka kafa suke kare shi, yanzu ga shi tsirara a sama. Na ce kayan Malam ba za su kwana a ruwa ba. Na shiga ɗaki na ciro langar nan mai furanni ta kayan aurena, wadda ko baƙi ban cika zuba wa a ciki ba. Duk abin da na mallaka ita ce mai daraja, kuma ba ta yoyo. Binta ta kwantar da gwangwala ta kifa masa ita, ta ɗaure da tsumma, ta mayar. Aka sheƙa ruwa, ni kuwa hankalina kwance.

Da safe na danna, shiru. Binta ta hau turmi, shiru. Ta canja batir, shiru. Yayanta ya ce ƙila tsawa ce ko danshi, a naɗe a aika Kano wajen masu gyara, in bai gyaru ba zai nemo wani, amma bai ce ga rana ba. Mijin Binta kuwa washegari zai zo ɗaukarta. Ranar ce kaɗai na karaya, Malam. Na zauna da rimot a cinya ina tunanin rigar Ilu da ta yi masa yawa, ina cewa anya gyaran nan zai iske shi?

Binta ta kwantar da gwangwala za ta cire akwatin. Ta kwance tsumma, ta ɗage langar. Ni kuma ashe yatsana na kan maɓallin gaba, ina ta dannawa don takaici. Sai jirgi ya fizga daga ƙofar madafi, kaji suka watse. Muka kalli juna. Na ce ta mayar. Ta kifa, ya tsaya cak. Na ce ta ɗage. Ya tafi.

Malam, langar! An gaya min ba ya shiri da ƙarfe. Na raba shi da tanki, na raba shi da kwano, sannan na ɗauko ƙarfe da hannuna na rufe masa kai ruf. Don ni a idona ba ƙarfe ba ce, langar aurena ce. Na yi dariya har da hawaye, Binta har da zama a ƙasa. Ita ce dariyata ta farko tun tafiyarka. Allah Ya yafe min in ba a so mai takaba ta yi, amma na san da kana nan sai ka fi ni, kuma sai Ilu ya ji labarin kafin la'asar.

To me za a kifa masa? Roba rana za ta cinye ta ta fashe. Sai idona ya faɗa kan ƙwaryar furarka a ragaya, wadda tun ranar ban bari kowa ya taɓa ba. Na daɗe ina kallonta. Na ce zaman me take yi a nan, ai gara ta koma bakin aikinka. Ni da kaina na gasa ƙusa na huda mata baki, aka zura igiya, aka kifa, aka ɗaga gwangwala. Na danna, ya ji. Ruwa in ya sauka a kanta zubewa yake ta gefe, rana kuma ba ta gasa abin da ke ciki.

Tana can sama yanzu, duk mai bin hanyar Unguwar Hajji yana hango ta. Sale ya aiko wai mutane na tambaya ko wani asiri na kafa, kuma wai bai dace mai takaba tana wasa da jirgi ba. Na aika wa matar liman ta tambayar min. Amsar da ta kawo ita ce, tunda ban fita ba, ban yi ado ba, ban zauna da namiji ba, ciyarwa ba ta cikin abin da aka hana. Na ce a kai wa Sale amsar yadda take, in kuma yana son ganin asirin ya zo bayan azahar da cokalinsa.

Saura Ilu. Ban so in yi wa dattijo ƙarya don in jawo shi, Allah kuwa Ya hutar da ni. Ranar na gwada da tuwo na gaske. Jirgi na shigewa kafa na zama makauniya, katanga kawai nake gani, ban san inda zan tsayar ba. Sai na ji ƙwal, ya doki itacen da ka kafa a ƙarshen layi. Binta ta zagaya ta tarar miyar kuka ta kife, ganye ya cika hanya, tarago ɗaya ya sauka daga layi. Ashe aikin da ka ba Ilu ba na banza ba ne, ko kuwa dai ni ce ya zama min na dole.

Da mijin Binta ya zo, na ce kafin su kama hanya ya je ya faɗa wa Ilu abin da ya faru yadda ya faru. Jirgin Malam ya yi haɗari, direba ba ta gani, babu mai tuta, in ba a samu ba sai dai a naɗe layin a zuba a buhu. Na ja masa kunne kada ya ambaci abinci ko da wasa. Ya dawo ya ce min Ilu bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Abu ɗaya ya tambaya, wai yaya tsayin katangar ta wajen rumbu.

Suka tafi. Washegari na tuƙa tuwo mai laushi, na kaɗa miyar kuɓewa, na rufe kwanuka na ɗora a taragu. Na yi azahar, na zauna a kujerata, na danna usur. Na jira. Ba abin da nake ji sai kurciya a kan mangwaro. Na sake dannawa. Har na fara tunanin wa zan aika ya dubo min ko lafiya, sai na ji tsintsiya. Shar, shar, a hankali, sharar mutumin da ba ƙarfi a jikinsa, yana yi yana hutawa.

Da sharar ta ƙare sai ga dogon kara ya leƙo saman katanga, dab da ƙwaryarka, da koriyar tuta ɗaure a kansa. Na danna gaba. Jirgi ya shige kafa, idona na sama. Kore ya sauka, ja ya hau, na tsayar. Ban ji ƙarar komai ba.

Na zauna ina jan carbi, ban ma san me nake karantawa ba. Can kore ya sake hawa, na danna baya. Kwanuka suka shigo wanke tas, a kife, yadda kuka saba.

Tun ranar bai yi fashi ba. Ba mu taɓa magana ba, ko sallama, shi da tuta ni da usur. Maƙwabciyarsa ta ce ya koma salla a tsaye. Jiya ma na ɗan yi jinkirin tsayarwa, sai da ya girgiza min jar tutar nan da faɗa. Na ce madalla, ƙarfi ya dawo, har ana yi wa direba tsawa. In iska ta karkatar da gwangwala na san yadda zan daidaita ta, in koma kujera in duba ko ina ganin ƙwaryar, shi ke nan. Ka kwantar da hankalinka. Muddin ina numfashi, da hatsi a rumbu, jirgin azahar ba zai makara ba. Ko na fita takaba ba zan zagaya lambun ba, kujerarka ta zauna yadda ka bar ta. Ni nan ne wurina, kuma daga nan yana ji na.

Abu ɗaya ne na kasa gyarawa. Kullum in jirgi ya dawo na sauke kwanuka, sai hannuna ya tafi lungun taragon baya da kansa. Na san babu. Ilu mai kunya ne, ba zai sa ba, ni ma ba na so ya sa, ba nasa ba ne. Amma hannun ya ƙi dainawa. Shekara da shekaru ina cin goron nan a ƙofar madafi, in ka shigo sai in yi kamar ban ga komai ba, kai ma ka yi kamar ba ka aiko ba. To na gani, Malam. Kowanne na gani. Na gode.

Binta ta ce takarda ta kusa ƙarewa, ga shi rana ta take tsaka, ruwan tuwo na tafasa, kuma ka san mai tutarka ba ya son jira. Allah Ya jiƙanka, Ya kai haske kabarinka, Ya haɗa mu inda babu katanga a tsakani.

Sai na iso.

Ni ce matarka Abu, direban jirgin azahar. Ga dangwalen yatsana a ƙasa, wanda nake danna usur da shi.